Tekun Nasu Ne, Ribar Ta Wasu

A can ƙuryar gabashin Indunusiya, daura da kan babban tsibirin Papua, akwai tarin tsibirai sama da 1,500 da ake kira Raja Ampat. Manyansu huɗu ne, Waigeo da Batanta da Salawati da Misool. Da yawa daga cikin sauran duwatsu ne da ciyayi ya lulluɓe, sun tsiro daga cikin ruwa kamar an dasa su, babu mai kwana a kansu. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sa'ad da iska ta lafa, ƙananan jiragen ruwa na alfarma ke shigowa. Wani ɗakuna bakwai gare shi, wani goma sha biyar, manyan cikinsu su ɗauki fasinja ɗari da 'yan kai. Baƙo zai sauka a filin jirgin saman Sorong, a wuce da shi tashar ruwa, daga nan sai ya yi mako guda ko kwana goma bai sake kwana a ƙasa ba. Ɗakinsa da na'urar sanyi, ga kuku, ga mai tausa, ga mai yi masa jagora in zai nutse. Da asuba a kai shi daji ya ga jan tsuntsun nan da ake wa laƙabi da tsuntsun aljanna yana rawa a ƙololuwar itace, da hantsi ya shiga ruwa cikin garken kifaye, da yamma ya hau dutse ya kalli faɗuwar rana. A jiragen da suka fi tsada, kuɗin dare ɗaya na mutum ɗaya kan kai dalar Amurka dubu, wani lokaci ya zarce.

Ba ni da ja da hutu, kuma ba na jin haushin wanda Allah ya hore wa abin da zai je ya ga wannan wuri da idonsa. Da ni ma na samu hali, da na so ganinsa. Abin da ke damuna shi ne maganar da kamfanonin ke haɗawa da tikitin. Suna cewa tun da jirginsu ƙarami ne, ba irin gidajen benen nan masu yawo a ruwa da mutum dubu biyar ba, to zuwansu ba ya cutar da kowa, hasali ma taimako ne ga muhalli da mazauna wurin. Wannan maganar ce ban yarda da ita ba. Ƙanƙantar jirgi na rage wasu ɓarna, amma ba ta amsa tambayar da ta fi komai nauyi: mutanen da suka gaji wannan tekun daga iyaye da kakanni, me ke shiga hannunsu, kuma wa ya nemi izininsu?

Abin da ya sa duniya ta damu da Raja Ampat yana ƙarƙashin ruwa ne. Murjani, wanda mu muka sani a matsayin abin wuya, a teku halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gidan dutse a hankali, santimita kaɗan a shekara, wasu ma ba su kai haka ba. A cikin waɗannan gine-gine kifi ke ƙwai, ya ɓuya, ya yi kiwo. Masana sun ƙirga nau'in murjani mai tauri fiye da 500 a Raja Ampat, wato kusan kashi uku cikin huɗu na duk nau'o'in da aka sani a duniya. A 2012 masanin kifi Gerald Allen ya nutse sau ɗaya a gefen tsibirin Kri, ya fito da lissafin nau'in kifi 374. Indunusiya na alfahari da wurin har ta sa hotonsa a bayan takardar kuɗinta mafi girma, ta rupiya 100,000, sannan a 2023 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihin ƙasa da duniya ke karewa.

Sai dai tallan jiragen kan nuna wurin tamkar babu kowa, tsibiran da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan 64,000 a gundumar. Akwai ƙabilar Ma'ya da Matbat, akwai zuriyar mutanen Biak da suka yi ƙaura zuwa can tun ƙarnoni, akwai Kiristoci, akwai Musulmi musamman a Misool da Salawati, inda tasirin masarautar Tidore ya daɗe. Kuma a al'adarsu teku ba na kowa da kowa ba ne. Kowace gaɓa, kowane lungun ruwa, kowane tudun murjani yana da dangin da ke da shi, kamar yadda gona ke da mai ita. Jirgin da ya tsaya a wani lungu ya kwana, a cikin gādon wasu ya kwana, ko da fasinjojinsa ba su ga rufin gida ko ɗaya ba.

Waɗannan mutane suna da dokarsu ta kiyaye ruwa tun kafin a san wani abu wai shi masanin muhalli. Sasi suke kiranta. Dattawa su taru su rufe wani yanki na teku na wata da watanni, ko shekara, ko fiye, a kafa alama, a yi addu'a a coci ko a masallaci, daga ranar babu mai taɓa abin da aka hana, ko manyan jatan lande ne, ko katantanwar ruwa, ko halittar nan da suke kira teripang wadda 'yan kasuwar Sin ke saye da tsada. In lokaci ya yi a buɗe na 'yan kwanaki, a kwasa, a sayar, a biya kuɗin makaranta ko a gyara wurin ibada, a sake rufewa. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada har sai ranar bikin Argungu ta zo, ya riga ya gane hikimar. A ƙauyen Kapatcol da ke Misool mata ne ma ke riƙe da wani yankin sasi, su ke rufewa, su ke buɗewa, su ke raba abin da aka samu. Na kawo wannan ne domin a san cewa kyawun da baƙo ke biyan dala dubu ya kalla, akwai hannun masu gida a cikinsa. Sun bar kifin da suke iya kamawa, sun haƙura da kuɗin da suke buƙata, shi ya sa akwai abin kallo.

Dole a faɗi gaskiya, yawon buɗe ido ya taimaka. A shekarun 1990 da farkon 2000, jiragen masunta daga wasu sassan ƙasar sun yi ta shigowa suna jefa bam a ruwa, suna zuba guba don kama kifi da rai, suna yanke fiffiken kifin shak su jefar da gangar jikin. Daga baya al'ummomin da gwamnatin gunduma, tare da ƙungiyoyi irin su Conservation International da The Nature Conservancy, suka kafa yankunan da aka killace, aka sa 'yan sintiri daga ƙauyuka. A 2010 gundumar ta haramta kama shak da kifin manta a duk ruwanta, abin da babu wanda ya riga ta yi a Indunusiya. Hujjar da ta shawo kan 'yan siyasa ita ce kifin da aka bari da rai, wanda baƙi za su riƙa zuwa kallo shekara da shekaru, ya fi wanda aka sayar sau ɗaya kawo kuɗi. Kuɗin shiga da kowane baƙo ke biya shi ke sayen man kwalekwalen 'yan sintiri. Don haka wanda ya ce a kori jiragen gaba ɗaya bai yi wa mutanen wurin adalci ba, ni ma ba shi nake nema ba.

Amma a duba abin da ya faru ranar 4 ga Maris 2017. Jirgin Caledonian Sky, mai tsawon mita 90 da nauyin tan fiye da 4,000, ɗauke da fasinja 102, yana dawowa daga kai baƙinsa kallon tsuntsaye a Waigeo, ya haye kan murjani kusa da Kri a daidai lokacin da ruwa ya janye. Kamfanin Noble Caledonia na Birtaniya ne ya shirya tafiyar, jirgin kuma yana ɗauke da tutar Bahamas. Irin jiragen da ake kira ƙanana ne, irin waɗanda ake tallata wa masu son tsuntsaye da muhalli. Maimakon a jira ruwa ya dawo ya ɗaga shi, sai aka kira jirgin ja daga Sorong, jan da aka yi masa ya ƙara niƙe abin da ke ƙarƙashinsa. Ricardo Tapilatu na Jami'ar Papua, wanda ya jagoranci binciken farko, yana cikin waɗanda suka soki wannan mataki. Da jami'an gwamnati da wakilan kamfanin inshora suka auna tare, sai aka samu murabba'in mita 18,882 ya lalace, kusan hekta biyu ke nan, kuma fiye da 13,000 daga ciki ya yi raga-raga. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana ginuwa, a wuni ɗaya ya zama tsakuwa. Kamfanin ya nuna takaicinsa, babu fasinjan da ya ji ciwo, jirgin ya ci gaba da tafiyarsa.

Kullum in na tuna wannan labari, abu ɗaya ke tsaya mini a rai. Jirgin yana da rada, yana da na'urar tauraron ɗan Adam mai nuna hanya, yana da taswira. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya daga ƙauyukan da ke kallonsa, wanda tun yana yaro yake tuƙa kwalekwale a wannan mashigi, wanda launin ruwa kaɗai ya isa ya gaya masa cewa nan ba zurfi. Ladan irin wannan mutum na wuni guda bai kai kuɗin abincin daren fasinja ɗaya ba. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. A Disambar 2019 wani jirgin alfarma da ya fi wannan ƙanƙanta, Aqua Blu, ya taɓa murjani a kusa da tsibiran Wayag. Bayan haɗarin da ke shiga labarai, akwai ɓarnar yau da kullum da ba mai ɗaukar hotonta: anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi, da sarƙarta da ake saki a kan murjani, ruwan wanka da na bayan gida, hayaniyar ƙananan kwalekwale biyar ko shida a kan kifin manta guda a wurin da yake zuwa hutawa.

To ko da babu haɗari ko ɗaya, maganar kuɗi tana nan. A bi sawun dalar baƙo a ga inda take sauka. Ya biya tun yana gida, ta intanet, ga kamfani a Landan ko Singapo ko Bali. Jirgin kansa, in na ƙarfe ne, sau da yawa rajistarsa a wata ƙasa take. In na katako ne, irin wanda ake kira pinisi, maƙeran Konjo da Bugis ne suka sassaƙa shi a gaɓar Bulukumba da ke kudancin Sulawesi, sana'ar da UNESCO ta karrama a 2017, kuma abin alfahari ne ƙwarai. Amma Sulawesi ba Papua ba ce, tsakaninsu tafiyar kwanaki ce a ruwa. Masu jarin galibi Turawa ne ko attajiran Jakarta da Bali, ma'aikatan galibi daga Sulawesi da Flores da Java, nama da giya da cuku ana lodinsu daga birni. Baƙo ya kwana a jirgi, ya ci a jirgi, ya sha a jirgi, ya ba da tukuici a jirgi. Abin da ke isa tsibiri shi ne kuɗin shiga, da ɗan abin da ake biya a wasu wuraren tsayawa, da sa'a ɗaya ko biyu da ake saukar da baƙi a ƙauye irin Arborek, yara su yi musu waƙa, a sayi malafa ko jakar saƙa, a ɗauki hoto, a koma kafin abincin rana ya huce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A gefe guda kuma akwai masaukan da iyalan Papua suka gina da hannunsu, bukkokin katako da ganyen kaba a bakin ruwa, a Kri da Gam da Mansuar da Arborek da sauransu. Sun haura ɗari, sun kuma kafa ƙungiyarsu. Da dala talatin zuwa hamsin mutum zai kwana, ya ci sau uku. Kuɗin kaɗan ne in an kwatanta, amma a bi shi a gani: kifin daga ƙanin mai gida aka saya, kayan miya daga kasuwar Waisai, hedikwatar gundumar, mai tuƙa kwalekwale ɗan 'yar'uwarsa ne, mai girki matarsa ce, ragowar ya tafi kuɗin karatun yarinyar da ke Sorong ko Manokwari. Mutumin da a da yake sare itace ko yake harbin tsuntsu, yanzu shi ke tsaron bishiyar da tsuntsun ke rawa a kai, domin ita ce abincin gidansa. A ganina dala arba'in da ta kwana a ƙauye ta fi dala dubu da ta wuce ta gabansa amfani ga murjanin kansa.

Masu kare jiragen suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa jirgi ba ya sare dajin bakin ruwa don gina ɗakuna, ba ya shan ruwan rijiyar ƙauye, yana tafe da sharar sa ya mayar da ita birni. Masaukan ƙasa kuwa, in sun yi yawa a ƙaramin tsibiri mai yashi, ruwan masai na tsiyaya zuwa teku, robobi na taruwa, janareto na ruri dare da rana. Suna kuma cewa baƙi ashirin masu biya da yawa sun fi baƙi ɗari biyu masu biya kaɗan sauƙi ga teku. Duk wannan akwai gaskiya a ciki, kuma masu masaukai ma suna da gyaran da ya wajaba su yi. Amma hujjar tana kallon kifi da murjani ne kawai, ta ɗauka mutanen da ke gaɓa za su ci gaba da haƙuri har abada suna kallon arziki na wucewa. Abin da ya faru a 2025 ya nuna haƙurin yana da iyaka.

Ƙarƙashin wasu tsibiran Raja Ampat akwai ma'adinin nikel, wanda ake haɗa baƙin ƙarfe mara tsatsa da baturan motocin lantarki da shi, kuma Indunusiya ce ke haƙo fiye da rabin abin da duniya ke amfani da shi. A farkon Yunin 2025 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace tare da wasu matasan Papua suka ɗaga kwalaye a wani taron ma'adinai a Jakarta, hotunan tsibiran da aka ƙwaƙule, jar ƙasa na gangarawa cikin ruwa, suka bazu a intanet, ƙasar ta ɗauki zafi. Ranar 10 ga Yuni gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto ta soke lasisin kamfanoni huɗu, ta bar na Gag Nikel da ke tsibirin Gag, wanda reshe ne na kamfanin gwamnati. Masu son muhalli a duniya suka yi murna, ni ma na yi. Sai ga wani labari ya biyo baya wanda bai yi tashe kamar na farko ba. Mutanen ƙabilar Kawe, masu tsibiran Wayag, wato ainihin duwatsun da hotonsu ke gaban kusan kowace tallar jirgin alfarma, suka tare hanya, suka hana baƙi shiga, suna nuna fushinsu kan soke lasisin kamfanin da ke haƙa a tsibirinsu na Kawe. Har sai da hukumar gunduma ta sanar da rufe Wayag na wani lokaci.

A tsaya a yi tunani a kan wannan. Mutanen da suka mallaki wurin da ya fi ko'ina kyau a yankin, wurin da jiragen dala dubu ke layi don kai baƙi, da aka zo zaɓi tsakanin masu haƙa da masu yawon buɗe ido, sai suka tsaya wa masu haƙa. Ba na ganin sun yi daidai a kan nikel, domin ramin ma'adini na shekaru ne kaɗan, laka kuwa in ta rufe murjani ta kashe shi, kifin da jikokinsu za su ci ya tafi. Amma ba zan zarge su ba. Kamfanin haƙar ya ɗauki 'ya'yansu aiki, yana biyan albashi a ƙarshen wata. Jiragen sun shafe shekaru suna shiga lungunansu, kuma da abin da suke bari ya kai ya kawo, da ba a ga wannan rana ba. Duk kamfanin jirgin da ke rubuta wa fasinjojinsa cewa zuwansu na kare Raja Ampat, ya kamata ya karanta labarin Wayag da kyau. Garkuwar murjani ta ƙarshe ita ce yardar mai gaɓa, kuma ba a samun ta da waƙar yara da cinikin malafa.

Tsada ba ita ce laifin ba. A kudancin Misool akwai wani masauki mai tsadar gaske da Andrew da Marit Miners suka fara ginawa a 2005 a tsibirin da a da sansanin masu yanke fiffiken shak ne. Ba su fara da ɗakuna ba, sun fara da zama da dattawan ƙauyukan da ke da ruwan, suka ƙulla yarjejeniyar haya, aka ware yankin da ba a kamun kifi, daga baya kuma yankin da aka killace ya faɗaɗa zuwa murabba'in kilomita fiye da 1,200. 'Yan sintirin 'ya'yan ƙauyukan ne, da yawan ma'aikatan ma haka. Binciken da aka yi bayan 'yan shekaru ya nuna kifin wurin ya ninka fiye da sau biyu, 'ya'yan shak suka dawo lungun da ake yanka iyayensu. Wannan ma kasuwanci ne, masu shi baƙi ne, ana iya samun abin suka a ciki. Bambancin shi ne sun zauna, sun biya haya ga masu ruwa, kuma in wurin ya lalace ba su da inda za su tayar da inji su koma. Jirgi kuwa, in kakar Raja Ampat ta wuce, ya nufi Komodo ko tsibiran Banda, in wuri ya mutu ya cire shi daga jadawali.

Akwai ƙasar da ta riga ta bi wannan hanya. Tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado sun fi shekara hamsin suna karɓar irin waɗannan jirage, kuma sun sha wuya kafin su koyi darasi. A Janairun 2001 jirgin dakon mai na Jessica ya maƙale a bakin tsibirin San Cristobal, mai ya malala cikin teku, wani ɓangare na man da ya ɗauko na wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ne, kuma bincike ya nuna fiye da rabin ƙadangarun ruwan tsibirin Santa Fe sun mutu cikin shekara guda. A yau babu jirgin da ke yawo da fasinja fiye da 100 a can. Hukumar da ke kare tsibiran ce ke tsara wa kowane jirgi inda zai je da ranar da zai je, ba ya maimaita wuri ɗaya cikin mako biyu. Ba a sauka a tsibiri sai da jagora mai lasisi, ɗaya ga mutum 16. Dokar musamman ta 1998 ta fifita mazauna tsibiran wajen ɗaukar aiki. A Agustan 2024 aka ninka kuɗin shigar baƙo daga dala 100 zuwa 200, wani kaso kuma na tafiya ga ƙananan hukumomin wurin. Galapagos ba ta gama warware matsalarta ba, baƙi sun yi mata yawa, manyan kamfanoni har yanzu su ke da jiragen da suka fi tsada. Amma ta tabbatar da cewa ana iya gindaya wa masu kuɗi sharaɗi kuma su ci gaba da zuwa. Mutumin da zai biya dala dubu goma don mako guda ba zai fasa saboda an ƙara masa ɗari biyu ba.

Namu masu hali ma sun fara irin wannan hutu, muna ganin hotunansu daga Maldibs da Seshels da Zanzibar, ba kuma da daɗewa ba wasu za su kai Raja Ampat. Wanda zai je, ba zai rasa komai ba in ya tambayi kamfanin mutum nawa 'yan Papua ke aiki a jirgin, kuma wane aiki, in kuma ya raba kwanakinsa ya yi wasu a masaukin ƙauye. Amma ban ɗora dogarona a kan kirkin fasinja ba. Mai hutu ya zo hutu ne, ba zai zama ɗan sanda ba. Aikin na hukuma ne, ta Jakarta da ta sabon lardin Papua ta Kudu maso Yamma da aka ƙirƙira a 2022 da ta Waisai.

Abin da nake ganin ya wajaba ba shi da wuyar fahimta. Duk jirgin da ya kai wani girma kada ya shiga mashigin Dampier, inda Kri yake, ko Wayag ko Misool sai da jagoran ruwa ɗan yankin a kusa da matuƙi, a horar da shi, a ba shi lasisi, kamfani ya biya. An fara kafa turakun ɗaure jirgi a cikin ruwa a wasu wurare, to a yawaita su, inda aka kafa kuma a haramta sakin anka. A ƙayyade yawan jiragen da ke da izini a kowace kaka. Kuɗin da jirgi ke biya ya tashi daga na kai ɗaya zuwa wani kaso na abin da fasinja ya biya, domin babu adalci a ce ɗalibin da ya kwana a bukkar dala arba'in da attajirin da ya kwana a ɗakin dala dubu su ba da abu ɗaya a ƙofa. Kuma kafin jirgi ya shigo, ya ajiye jinginar da za a taɓa nan take in ya yi ɓarna, kada masu murjani su koma bin lauyoyin kamfanin inshora a wata nahiya.

Wanda ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne wanda kamfanoni za su fi ƙi. Lasisin shiga ruwan wani dangi ya zama yana ɗauke da sa hannun dangin, da kason da za a riƙa biyansu kai tsaye a rubuce, da adadin 'ya'yansu da za a ɗauka, ba a wankin kwano da jan igiya kaɗai ba, har da jagorar nutso da injiniya da matuƙi. Sasi kuma ta hau kan jirgi kamar yadda take hawa kan masunci. In dattawan Kawe ko matan Kapatcol suka rufe wani lungu na shekara guda, kamfanin da ya riga ya sayar da tikiti a Landan ya sauya hanya, ya kuma bayyana wa fasinjojinsa dalili.